Magana Zarar Bunu Ce

Kakanninmu sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Duk wanda ya san ɗakin ciyawa ya san gaskiyar wannan karin magana, gama in ka zare bunu ɗaya daga jinka, ko ka fi kowa dabara ba ka iya mayar da shi inda yake. Sun faɗi haka ne tun zamanin da magana ba ta wuce dandali ko bakin kasuwa, mutum goma su ji, iska ta kwashe saura. To, ina ga yau da kowa ke riƙe da wayar hannu, abin da ka rubuta a Kano da hantsi ya kai Makka kafin azahar?

Ra'ayina shi ne, ya ku 'yan'uwana ɗalibai, yatsa ya fi harshe haɗari a wannan zamani, kuma wajibi ne mu koyi tsare shi kamar yadda aka koya mana tsare baki a gaban manya.

Bari in fara da kaina, don kada a ce ina wa'azin abin da ban ɗanɗana ba. Bara, lokacin hutu, muna karatu a gidan wani abokina, barci ya sace shi, baki buɗe. Na ɗauki hotonsa na sa a zauren WhatsApp na ajinmu, da 'yar magana ta ba'a a ƙasa. Cikin minti biyar na ga abin bai dace ba, na goge. Ashe har wasu sun riga sun adana shi. Kafin mako ya zagayo hoton ya shiga makarantar 'yan mata, ya kai hannun mahaifinsa, an kuma laƙaba masa sunan da har yau bai rabu da shi ba. Na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, amma zamanmu bai koma kamar da ba. Ran nan na gane cewa gogewa a wayarka kaɗai take aiki, ba ta shiga aljihun wasu.

Wannan ƙaramin abu ne in aka gwada da abin da ya faru a ƙasarmu a shekarar 2014. A watan Yuli cutar Ebola ta shigo Legas ta jikin wani matafiyi daga Laberiya, tsoro ya kama kowa. A watan Agusta sai wani saƙo ya bazu ta waya, wai wanka da ruwan gishiri da shansa suna hana kamuwa da cutar. Cikin dare aka yi ta ta da mutane daga barci, kowa na neman gishiri. Ma'aikatar Lafiya ta fito ta ƙaryata, amma aikin gama ya gama: aƙalla mutum 2 sun rasu, an kwantar da wasu da dama a asibiti. Ku lura, yawancin waɗanda suka tura saƙon nan ba mugaye ba ne. Ƙauna ce ta sa su, suna so su ceci danginsu. Abin da ya rasa musu kawai shi ne tambaya ɗaya: wa ya faɗa?

A shekarar 2018 kuma, lokacin rikicin Jihar Filato, an yi ta yaɗa hotuna masu ta da hankali a Facebook ana cewa ga abin da ke faruwa. Da 'yan jaridar BBC suka bincika, sai suka tarar wani daga cikinsu ba ma a Nijeriya aka ɗauke shi ba, daga Kwango Barazabil ya fito, tun 2012. 'Yan sanda sun ce irin waɗannan hotuna sun ƙara rura wutar fitina. Wanda ya tura hoton yana kwance a ɗakinsa, wani matafiyi da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ya biya da ransa.

Wani zai ce, ai ni ba na tura labarin rikici, wasa kawai nake yi da abokaina a ɓoye. To, ga labari daga Amurka. A 2017 Jami'ar Harvard ta janye gurbin karatun da ta riga ta bai wa ɗalibai aƙalla 10, saboda hotuna da maganganun banza da suka yi ta musanya a wani rufaffen zaure na Facebook. Shekarunsu na ƙoƙari suka tafi a banza. Tun 2019 kuma, kusan duk mai neman bizar Amurka sai ya rubuta sunayen da ya yi amfani da su a shafukan sada zumunta cikin shekara 5 da suka wuce. Watau abin da ka rubuta kana ɗan sakandare yana iya jiranka a bakin ƙofa ranar da ka zama babba. A nan gida ma akwai Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma tana hukunta wanda ya san abu ƙarya ne amma ya yaɗa shi don ta da zaune tsaye.

Ba ina cewa mu jefar da wayoyi ba ne. Da su muke neman ilmi, da su muke sada zumunci, da su ake fallasa zalunci. Wuƙa ma tana yankan nama, tana yankan hannu. Abin da nake roƙo shi ne, kafin ka danna, ka tambayi kanka abu uku. Shin gaskiya ne, kuma daga ina ya fito? Zan iya faɗinsa da bakina a gaban mahaifina da wanda nake magana a kansa? In aka nuna mini shi bayan shekara 10, zan ji kunya? In kana cikin fushi, ajiye wayar sai gari ya waye. Addini ma, a Suratul Hujurat, ya umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cuci wasu cikin rashin sani.

Ku kuma iyayenmu, muna roƙonku da girmamawa. Sau da yawa saƙon da ke cewa a tura wa mutum goma daga zauren dangi yake fitowa, kuma abin da babba ya yi shi yaro ke koyi. In kun saya mana waya, ku haɗa mana da tarbiyyarta.

Da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Ni na ga tawa a fuskar abokina. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu da sharrin harsunanmu da na yatsunmu, amin.