Wanda ya tsaga mana kasuwa bai taɓa taka ƙasar Hausa ba

Jama'a, kusan kullum in na buɗe layi a gidan rediyo sai wata ta bugo da kukan kan iyaka: an tsare mata buhun aya daga Agye, ko wake daga Gazawa. To, ko kun san wanda ya fara ja mana wannan layi?

Sunansa Lod Salisbury, ɗan sarautar Ingila, haifaffen 1830. Shi ya wakilci ƙasarsa a taron Istambul na 1876, ya riƙe harkokin waje, ya yi firaminista har sau 3, ya rasu a 1903. Ranar 5 ga Agusta 1890, a birnin Landan, shi da jakadan Faransa Waddington suka sa hannu kan layin da ya taso daga Say ya dire Baruwa, bakin tafkin Cadi. Arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. Da bakinsa ya amsa a shekarar cewa sun yi ta ba juna duwatsu da koguna alhali ba su san inda suke ba.

An sake gyara layin a 1898 da 1904 da 1906, saboda Faransawa na neman hanya mai ruwa zuwa Damagaram. Ba Bakatsine ko Bagobirin da aka shawarta. Haka Maraɗi ta rabu da Katsina, Tsibiri ta yankin Gidan Runji ta rabu da Sabon Birni. Uwa ɗaya, takarda biyu.

Ni ban ce a tumɓuke iyaka ba. Ƙasa sai da doka, ga kuma ɓarayin daji. Amma da Najeriya ta rufe a Agusta 2019 har Disamba 2020, aka sake rufewa a 2023, wa ya ji a jikinsa? Mai jari babba ya san hanyarsa. Mai tiya goma ita ce ta ci uwar kuɗinta.

Salisbury yana da uzurin nisa. Mahukuntanmu ba su da shi, don sun san ranar kowace kasuwa. A sassauta wa mai ƙaramin kaya, a manna kuɗin duwan a bango kowa ya gani. Ku ma 'yan kasuwa, maza da mata, ku haɗa kai ku riƙa neman takardar shaidar abin da kuka biya. Tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.