Jan ɗakin tafi-da-gidanka: Tsakanin sabon shiga da tsohon hannu, wa ya fi buƙatar shawara?

Da zarar sanyi ya fara ja da baya a Birtaniya, daga wajen watan Afrilu, manyan hanyoyin da suka nufi bakin teku sukan cika da ƙananan motoci, kowace tana janye da wani farin ɗaki mai tayoyi. A cikin ɗakin akwai gado da murhun gas da firij da ɗan banɗaki. Iyali ne suka ɗauko gidansu suka tafi hutu, wasu Cornwall, wasu Wales, wasu kuma tsaunukan Scotland.

Sunan da Turawa ke kiran wannan ɗaki shi ne dai sunan da suke kiran ayarin fatake. Mu bari mu ce masa ɗakin tafi-da-gidanka.

Al'adar ta daɗe. Tun a 1885 wani tsohon likitan sojan ruwa, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa irin wannan ɗaki a Bristol don yawon shaƙatawa, dawakai ke jan sa. A 1907 aka kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa, wadda yanzu ake kira Caravan and Motorhome Club.

Duk wanda ya bi shawarwarin da ake ba masu jan ɗakin zai ga kusan duk gargaɗin a kan sabon shiga yake ƙarewa. Shi ake ce wa ya auna, ya duba, ya rage gudu. Tsohon hannu kuwa an sallama masa. A ganina wannan rabo bai yi daidai ba. Sabon shiga yana da tsoro, tsoron kuma yana kare shi. Tsohon hannu sabo yake da shi, Bahaushe kuwa ya ce sabo turken wawa.

Lissafin kashi 85

Shawarar da ta fi shahara ita ce ta nauyi. Manyan ƙungiyoyin masu jan ɗakin a Birtaniya suna cewa kada nauyin ɗakin sabon shiga, da duk kayan da ke ciki, ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motarsa ba kaya. Idan motar kilo 1,600 ce, kada ɗakin ya haura kilo 1,360. Wanda ya goge an yarda ya kai kashi 100, amma kada ya zarce.

Wannan shawara ce, ba doka ba. Abin da doka ta ɗaure direba da shi shi ne iyakar nauyin da kamfanin motar ya rubuta cewa za ta iya ja. Dalilin shawarar kuma a fili yake: abin da ke baya idan ya kusa kai motar nauyi, shi zai fara juya ta, ba ita za ta juya shi ba.

Abin da sabon shiga zai fara koya

Na farko shi ne lodi. Kaya masu nauyi, irin su rumfa da gwangwanayen abinci, a ƙasa ake ajiye su, daidai saitin tayoyi. Masu matsakaicin nauyi su zauna ƙasa-ƙasa, marasa nauyi kamar tufafi su hau akwatunan sama. Babban kuskure shi ne jibge kaya a ƙarshen ɗakin, don nan ne ke haifar da lilo a kan hanya.

Na biyu shi ne nauyin da gaban ɗakin ke dannawa a kan ƙugiyar mota. Ana so ya kasance tsakanin kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin ɗakin. Ga ɗaki mai kilo 1,300, wannan na nufin kilo 65 zuwa 91, muddin bai wuce abin da motar da ƙugiyar za su iya ɗauka ba. Idan ya yi kaɗan ɗakin zai riƙa rawa. Idan ya yi yawa bayan motar zai zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako. Akwai ma'auni na musamman, amma ko sikelin awon nauyin mutum da guntun katako sun isa a gwada.

Na uku, ribas. Ɗakin da ake ja yana bin kishiyar inda aka murza sitiyari, shi ya sa sabon shiga ke rikicewa. Dabarar da ake koyarwa ita ce ka kama sitiyari daga ƙasa: inda ka kai hannunka, nan bayan ɗakin zai nufa. Ka samu fili ba kowa ka yi ta gwadawa kafin ranar tafiya, ka kuma sa wani ya tsaya inda za ka gan shi a madubi.

Na huɗu, madubi. Ɗakin ya fi mota faɗi, don haka sai an ɗaura ƙarin madubai. Ƙa'idar ita ce direba ya iya hango mita 20 a bayansa da mita 4 a kowane gefe.

Sai gudu. Mai jan ɗaki a Birtaniya ba zai wuce mil 60 a awa ba a manyan tagwayen hanyoyi, wato kusan kilomita 96. A hanya mai falle ɗaya mil 50 ne, kusan kilomita 80. A babbar hanya mai layi uku ko fiye, an hana shi shiga layin masu gudu na ƙarshe.

Idan kuma ɗakin ya fara lilo, wataƙila saboda iska ko wata babbar mota da ta wuce, jiki zai ce ka taka birki. Kada ka taka da ƙarfi, kada kuma ka ƙara wuta da tunanin za ka miƙar da shi. Ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe sitiyari a miƙe, har lilon ya lafa.

Tafiyar farko ta zama gajeriya, wurin da bai fi awa ɗaya ko biyu daga gida ba, kuma a isa da sauran rana. A sansanin za a ba ka wutar lantarki, sau da yawa mai ƙarfin amp 10 ko 16. Idan ka kunna butar dafa ruwa ta gida tare da na'urar ɗumama ɗaki, wutar za ta iya ɗaukewa. Wannan ƙaramin abin kunya ne, kowa ya taɓa yi.

Inda tsohon hannu ke zamewa

Ba a raina gogewa. Wanda ya shekara ashirin yana jan ɗaki ya san yadda iska ke kaɗawa a kan gada, ya san ya sauko gangara da ƙaramin giya, ya iya shigar da ɗakin lungu da ribas ɗaya. Amma akwai abubuwan da hannu ba ya ji, sai sikeli da ido.

Nauyi shi ne na farko. Yawancin waɗannan ɗakuna kayan da aka yarda a zuba musu ba su da yawa, sau tari wajen kilo 150 ne. Sabon shiga yana tafiya da kaya kaɗan don bai tara ba tukuna. Tsohon hannu kuwa bana ya sayi babbar rumfa, baɗi ya ƙara batir, ya ɗaura injin da ke tura ɗakin ba mota, ga kujeru, ga murhun gasa nama, ga tukunyar gas ta biyu. Babu wanda ya fita, kullum shiga ake yi. Da yake a hankali nauyin ke ƙaruwa, ba zai ji bambanci a sitiyari ba sai ranar da ya buƙaci tsayawa da gaggawa. Maganin kawai shi ne ya kai ɗakin sikelin awon motoci da cikakken lodinsa, aƙalla sau ɗaya a shekara.

Taya ita ce ta biyu. Tayar ɗakin ba ta cika suɗewa ba, don yawancin shekara a tsaye take. Tsufa ke cin ta, rana da sanyi su tsattsaga robar alhali zanenta na nan kamar sabuwa. Shi ya sa ake ba da shawarar a canza ta idan ta shekara biyar, kada kuma a yi amfani da wadda ta wuce bakwai. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Idan ka ga 2319, mako na 23 ne na 2019. Wanda ya sayi ɗaki jiya zai duba. Wanda ya daɗe da nasa sai ya ce ai bara ma da ita na je.

Na uku shi ne haɗa ɗakin da mota. Sabon shiga yana riƙe da takarda yana bi ɗaya bayan ɗaya: ƙugiya ta kama, an maƙala wayar da ke jan birkin ɗakin idan ya kwance, fitilun baya suna aiki, an rufe gas, an ɗage ƙafafun kusurwa, an kulle tagogi. Tsohon hannu yana yi yana hira. Akwai gwajin da bai kai minti ɗaya ba: bayan an haɗa, a murza ƙaramar tayar gaba ƙasa, idan bayan motar ya ɗaga to ƙugiya ta kama. Wannan minti ɗin ne sabo ke fara cinyewa.

Lamarin ba na mai ɗakin kaɗai ba ne. A watan Janairun 2014 wata tirela ta kwance daga motar da ke jan ta a Bristol, ta bi gefen masu tafiya a ƙasa ta kashe yaro ɗan shekara uku. Ba ɗakin hutu ba ce, amma duk abin da ake ja a ƙugiya zai iya yin haka.

Akwai kuma wanda ya sauya mota ya koma ƙarama, bai sake lissafin nauyi ba. Akwai danshin da ke cin bangon ɗaki a ɓoye, da na'urar gargaɗin iskar gas mai guba da batirinta ya mutu tun bara. Duk waɗannan sun fi samun wanda ya daɗe.

Dokar da ta sauya a 2021

A da, wanda ya samu lasisin tuƙi daga 1 ga Janairun 1997 sai ya ci wata jarrabawa ta daban kafin ya ja abu mai nauyi sosai. A ranar 16 ga Disamban 2021 gwamnati ta soke wannan jarrabawa a Ingila da Scotland da Wales, don masu gwajin su koma kan direbobin manyan motoci da ake ƙarancinsu a lokacin. Yanzu mai lasisin ƙaramar mota zai iya jan abin da ya kai kilo 3,500 ba tare da kowa ya gwada shi ba.

Ina ganin wannan ganganci ne. Horon da ya zama na ganin dama, waɗanda suka fi buƙatarsa su ne suka fi ƙin zuwa. Amma a lura da wani abu: masu lasisin kafin 1997 dama can ba a taɓa neman su yi wannan jarrabawa ba. Ke nan da yawa daga cikin waɗanda ake kira tsofaffin hannu a kan titi suka koya, kuma idan da kuskure suka fara, da shi suka tsufa.

Don haka shawarar da ta dace ba ta rabu gida biyu ba. Sabon shiga ya biya kuɗin horo ko da doka ba ta tilasta masa ba, ƙungiyoyin suna gudanar da shi. Tsohon hannu ya koma ga takardar da ya jefar tun shekarar farko, ya hau sikeli, ya karanta lambar tayarsa. Idan kuma maƙwabcinsa a sansani, wanda jiya ya fara, ya ce masa kamar bayan motarka ya zauna, ya sauko ya duba kafin ya ba shi labarin shekarun da ya yi a hanya.