Sandar Sunuka Daga Duwala

Wani abu ya faru a gidanmu na Mindif da ya tsaya mini a wuya, kuma sai na fitar da shi zan iya tunanin wani abu dabam.

Ɗan ƙanwata gwanin sunuka ne. Duk wanda yake bi ta wajen teburan nan da samari suke kewayewa da yamma ya san irin sandunan da ake wasa da su: kai ya cinye, jiki ya karkace, wata ma an ɗaure ta da roba. Yaron ya daɗe yana son ya mallaki tasa, kuma ban ga laifinsa ba. Sai ya ga talla a Facebook. Wata mata a Duwala tana sayar da sanduna 'yan China, irin masu gida biyu da ake murɗawa a tsakiya, har da jakarsu, a kan sefa 12,000. Suka koma WhatsApp, ta turo masa hotuna, ta turo bidiyon da take mirgina sandar a kan tebur don ya ga miƙewarta. Ya tura rabin kuɗi ta waya, ta ba wa motar safa, kaya ya iso tashar Marwa, ya cika sauran. A cikin saƙonta ta rubuta masa cewa idan sandar ta iso a karye ko a karkace, ya mayar cikin mako guda, kuɗin mota a wuyanta. Babu wanda ya tilasta mata wannan sharaɗi. Ita ta sa wa kanta don ta kwantar da hankalin baƙon da ba ta taɓa gani ba.

Sanda ta iso lafiya lau. A gaban abokansa ya mirgina ta, ta tafi sumul ba tangarɗa. Ya goga mata alli, ya shiga gasar da samarin unguwa suka shirya da Sallah, ya yi ta wasa da ita dare da rana. Da gasa ta ƙare, ya ɗaure ta a bayan babur, ta wuni a rana. Sai ga wayarsa ta faɗi ta fashe, yana buƙatar kuɗin gyara. Shi ne ya zo ya durƙusa a gabana: "Kawu, ka taimaka ka rubuta mini saƙo da Faransanci mai kyau, a ce mata sandar a karkace ta zo, ban lura ba sai yanzu." Na tambaye shi, a karkacen ta zo? Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Kawu, ai kowa haka yake yi. Ita ce ta ce a mayar."

Wannan "kowa haka yake yi" ita ce ta hana ni barci.

A yau sandar ta ɗan lanƙwashe, gaskiya ne. Amma wa ya lanƙwasa ta? Sandar sunuka katako ce mai tsawon kusan santimita 147, nauyinta ya ɗan haura rabin kilo, siririya ce a wajen kai inda aka liƙa 'yar fata. Masu tsada ana busar da katakonsu a hankali, wata da watanni, ana sassaƙa kaɗan a bar shi ya huta, a sake sassaƙa. Masu araha kuwa cikin gaggawa ake yin su. Ka ɗauko irin wannan daga laimar Duwala, inda iska kanta jiƙaƙƙiya ce, ka kawo ta ƙasar da zafi yake haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu, sannan ka shanya ta a rana a bayan babur. Dole ta motsa. Shi ya sa masu sayar da sanduna da yawa a duniya suke da ƙa'ida guda: da zarar alli ya taɓa kan sanda, ta zama taka. Baiwar Allah ta Duwala ba ta ma sa wannan ƙa'ida ba, ta yarda da mutum ne kawai.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mu ba baƙin wannan magana ba ne. Samari suna ɗauka cewa sayen abin da ba ka gani ba da intanet ya zo, don haka babu hukunci a kansa, kowa ya yi dabararsa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantarwa a zaurukan Marwa da Garwa da Kano, ya san an gama wannan bahasi fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Mazhabarmu ta Malikiyya ta halatta sayar da kayan da ba ya wurin idan an siffanta shi. A Muwaɗɗa ma Imam Malik ya yi bayanin fataken da suke sayen dilar tufafi ba tare da an kwance ta ba, bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki. Hukuncin a fili yake: idan kaya ya zo daidai da siffar da aka faɗa, ciniki ya ɗauru, mai saye ba shi da ja da baya. Idan ya saɓa, yana da zaɓi. To me ya raba wannan takarda da hotunan WhatsApp? Matar ta siffanta sanda miƙaƙƙiya, miƙaƙƙiya ta iso. An gama.

Malamai ba su tsaya nan ba. Sun ce wanda ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da haƙƙin mayarwa, amma idan ya ga aibin ya ci gaba da amfani da kayan kamar mai yarda, haƙƙinsa ya faɗi. Sun ce idan wani sabon lahani ya sami kayan a hannun mai saye, ba zai mayar haka nan ya karɓi kuɗinsa cif ba, sai ya biya gwargwadon abin da ya lalace a hannunsa. Ku duba hadisin dabbar da aka bar nono ya taru a hantsarta don a ruɗi mai saye. A nan fa mai sayarwa ne macuci, shi ya shirya yaudarar. Duk da haka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba mai saye kwana uku ya yanke shawara, kuma idan zai mayar, ya haɗa da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Wanda aka cuta ma ba a bar shi ya sha nono a banza ba. Ina ga wanda ba a cuce shi da komai ba, ya ci moriyar kaya ya ƙoshi, ya lalata shi, sannan ya ƙirƙiro aibi ya ɗora wa mai kaya?

Kuma akwai ƙofar halal a buɗe ga wanda ya yi nadama. Ita ce iƙala: ka je ka ce wa mai kaya, na saya, kayanka ba shi da laifi, amma na shiga matsi, ka taimaka ka karɓa. Idan ya karɓa yana da lada, hadisi ya yi masa albishir da yafewar Allah. Idan ya ƙi, bai yi laifi ba. Na ce wa yaron wannan saƙon zan rubuta masa da hannuna, da Faransancin da ya fi kowane kyau, har da bayanin allin da ya goga da ranar da ta sha. Ya ce ai idan aka faɗa mata haka ba za ta karɓa ba. Ka ji. Ashe ya san ƙarya kaɗai ce za ta fitar masa da kuɗin.

Mu yi lissafin abin da ke wuyan matar. Daga Duwala zuwa Marwa ya haura kilomita 1,000. Kaya ya bi Yawunde, ya bi Ngaundare, ya gangara Garwa ya tsallaka Binuwai, kafin ya iso mana, sannan a ƙara ɗan kilomita 25 ɗin nan zuwa Mindif da kowa ya san yadda yake da damina. Ita za ta biya kuɗin dawowa. Za ta mayar da 12,000 ta waya, ga kuɗin turawa, ga harajin kashi 0.2 cikin 100 da gwamnati ta ɗora wa tura kuɗi da cire shi tun Janairun 2022. Abin da zai dawo hannunta sanda ce mai shuɗin alli a kai, lanƙwasasshiya, wadda ba mai saye. Ribar sanduna nawa za ta tafi a wannan guda ɗaya? Kuma gobe idan wani yaro daga Mindif ko Kaele ko Yagwa ya yi mata magana, me za ta ce? Za ta ce ya turo kuɗi gaba ɗaya, kuma ba a mayarwa. Ko ta ce ba ta aika kaya Arewa. Kun sha jin wannan amsa, kun sha zuwa kuna yi mini ƙorafi cewa 'yan Kudu ba su yarda da mu ba. Ga ɗaya daga cikin wuraren da rashin yardar take tsirowa.

Masu bin wannan fili sun san ra'ayina a kan dillali, kuma ba zan gaji da maimaitawa ba. Mun raina shi, mun ce la'adarsa cin banza ce, waya ta zo ta raba mu da shi. Amma a kasuwar shanu ta Bogo, ko a Marwa ranar Litinin, dillali shi ne wanda ya san mai saniya ya san mai saye, ya san gidan uban kowa. Idan saniya ta fito da ciwo bayan kwana biyu, akwai wanda za a kama. Idan mai saye ne ya bar ta ta kwana da ƙishirwa sannan ya zo yana kuka, dillali zai ce masa kai, ji tsoron Allah, lafiya ta bar hannuna. Da wannan tsari kakanninmu suka kai shanu har Ikko, suka kawo goro daga Gwanja, bashi a kan bashi, ba kotu ba takarda. Yanzu mun cire mutumin tsakiya, ba mu sa komai a gurbinsa ba. Jumia ma da ta gwada tsayawa a tsakiya ta rufe kasuwarta a Kamaru a Nuwamban 2019. Abin da ya rage mana shi ne Facebook da WhatsApp da lambar waya, da kuma abin da ke zuciyar mutum biyu da ba za su taɓa haɗuwa ba.

Yaran suna kallon bidiyon Turawa suna sayen riga su sa su mayar, suna ganin wayewa ce. A Tarayyar Turai doka ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya fasa ba tare da ya faɗi dalili ba, amma dokar nan ta ce idan ya yi amfani da kayan fiye da dubawa har darajarsa ta ragu, shi zai ɗauki asarar. A Amurka ƙungiyar 'yan kasuwar ƙasar ta ƙiyasta cewa a 2023 an mayar da kaya na dala biliyan 743, kuma kusan biliyan 101 daga ciki ta hanyar zamba ne. Su kansu sun fara gajiya. Kamfanin L.L. Bean, wanda ya yi suna da karɓar kayansa ko bayan shekara nawa, ya janye wannan alkawari a 2018 saboda masu cin zarafinsa. Manyan kamfanoni ke nan masu rumbuna da lauyoyi, waɗanda suke zuba asarar a kan farashin kowa. Matar da take ajiye sanduna goma a ƙarƙashin gadonta ba ta da inda za ta zuba.

Na san akwai 'yan damfara a cikin masu sayarwa, masu karɓar kuɗi su kashe waya, kuma wanda aka turo wa sanda karyayya ya mayar da ita ya karɓi kuɗinsa har sisin ƙarshe. Dokar Kamaru ta cinikin intanet ta Disamban 2010 da ta kare masu saye ta Mayun 2011 suna bayansa.

Amma ba yaron ne ya fi ɓata mini rai ba. Yaro ne, kuɗin gyaran waya ya rufe masa ido. Manyan da suka ji labarin ne. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce mini, "Malam, kai ma da tsanani kake. Wa ya san ta? Can Duwala take, ƙila ma ba Musulma ba ce." Inna lillahi! A wane littafi aka karanta cewa haramcin algus yana tsayawa a gadar Binuwai? Wane malami ya ce dukiyar wanda ba ka sani ba halal ce? Mutumin da ba zai iya ɗaukar kwalin ashana a shagon maƙwabcinsa ba saboda kunya, shi ne yake koya wa ɗan cikinsa cewa idan mutum yana nesa, ba ya jin yarenka, ba ya sallarka, to ka cuce shi. Wannan tsoron idon mutane ne kawai, babu tsoron Allah a cikinsa ko kaɗan. Mu ne masu cika sahun gaba, mu ne masu wa'azin amana a wurin ɗaurin aure, sai ga sefa 12,000 ta tona mu. Kuma irin wannan dattijon ne gobe zai zauna a majalisa yana cewa yaran zamani sun lalace, kamar daga sama suka faɗo.

Ban rubuta saƙon ba, kuma na gaya wa mahaifiyarsa dalili. Ku samari masu sayayya ta waya, ku buɗe kaya a tasha, ku duba shi a gaban shaida, ku ɗauki bidiyo. Idan da aibi ku faɗa a ranar, ku tsaya a kan haƙƙinku, ni ma zan tsaya tare da ku a wannan fili. Idan babu, kun saya ke nan. Iyaye kuma, duk wanda ɗansa ya zo masa da irin wannan dabara, ya hana shi tun a zaure, kafin saƙon ya fita daga waya.