Gyaran Katsina United: Ina Rabon Ƙasar Daura?

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kwanan ɗalibai ya san yadda la'asar ɗin Lahadi take kasancewa. Littattafai a rufe, kowa ya kasa kunne ga rediyo ko wayar hannu, 'yan Kano a gefe guda suna cika baki da Pillars, mu kuwa 'yan Jihar Katsina muna jiran mu ji abin da Katsina United ta yi. Idan aka ci mu, to, a wannan dare ba mu da sakat a ɗakin cin abinci. Mu ɗaliban da muka fito daga ƙasar Daura muna cikin masu shan wannan tsiya, kuma da zuciya ɗaya muke sha, domin kulob ɗin na jiha ne, da dukiyar jiha ake riƙe da shi, dukiyar nan kuwa ba ta birnin Katsina kaɗai ba ce. Saboda haka muna ganin muna da bakin magana a kan gyaran da ake ta cewa ana yi masa.

Bari mu soma da tuna baya, don da yawa cikin masu karanta wannan mujalla ba a haife su ba sa'ad da kulob ɗin yake tashe. Jihar Katsina kanta a 1987 aka ƙirƙiro ta, amma kafin ta cika shekara goma sha ɗaya kulob ɗinta ya kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale har sau uku a jere: a 1995 Shooting Stars ta Ibadan ta doke shi, a 1996 Julius Berger, a 1997 kuma Eagle Cement. Bai ɗauko kofin ko sau ɗaya ba, amma fa kai wa wasan ƙarshe shekara uku a jere ba aikin sa'a ba ne. Daga nan sai aka shiga dogon barci. Kulob ya yi shekara da shekaru a ƙananan rukunai, har ya taɓa amsa sunan Spotlight, kafin a mayar masa da sunansa na asali, ya hau rukunin ƙwararru a ƙarshen kakar 2016. A 2022 ya sake faɗowa, tare da Kano Pillars da Heartland da MFM. A 2023 ya koma sama, kuma ya tsira daga faɗuwa a kaka biyun da suka biyo baya.

Wannan hawa da sauka ita ce ta sa kalmar gyara ba ta fita daga bakin masu riƙe da kulob. Abin tambaya shi ne, mene ne suke nufi da ita? Abin da idonmu ya saba gani a kulob-kulob ɗin gwamnatocin jihohi, ba na Katsina kaɗai ba, bai wuce wannan ba: kaka ta ƙare, a sallami tarin 'yan wasa, a ɗauko wani tarin daga inda aka sallamo su, a naɗa sabon mai horarwa, a ɗauki hoto da sababbin riguna, a ce an yi gyara. A cikin 'yan shekarun da suka biyo bayan hawan 2016, Abdullahi Biffo ya horar da kulob ɗin nan, haka Henry Makinwa, haka Usman Abdallah, haka Tony Bolus, ban da waɗansu. Ba mu ce akwai marar ƙwarewa a cikinsu ba. Abin da muke faɗi shi ne, ko magini ya kai gwani, idan kowace damina aka kawo wani ya rushe katangar da na baya ya soma, gidan ba zai taɓa kai wa rufi ba. Ga shi kuma laƙabin kulob ɗin ma Chanji Boys ne, watau kalmar da ta cika bakin 'yan siyasa a 2015. A wajen zaɓe wataƙila canji abin so ne. A wajen gina ƙungiyar ƙwallo kuwa, yawansa ciwo ne.

Tushen ciwon yana ga yadda ake naɗa shugabanni. Kulob ɗin da gwamnati ta mallaka, shugabansa naɗaɗɗe ne, kuma ya san kujerarsa tana rataye da ran gwamnatin da ta naɗa shi, wani lokaci ma da sakamakon wasa uku ko huɗu. Mutumin da yake cikin wannan hali ba zai ɓata kuɗi a kan yaro ɗan shekara goma sha huɗu ba, wanda sai bayan shekara biyar ko shida zai yi amfani, alhali a lokacin wani ne zai kasance a kan kujerar ya sha yabo. Abin da zai fi masa shi ne ya sayo ɗan wasa mai shekara talatin wanda zai ci masa ƙwallo ranar Lahadi mai zuwa. Ba mugunta ce ta sa shi haka ba, tsarin ne ya tilasta masa. Mu ma da aka ɗora mu a wurin, da wuya mu yi dabam.

To, ina batun burin magoya baya na ganin kulob ya shiga sahun gaba? A shekarun da aka taƙaita gasar aka ƙare ta da karawar ƙungiyoyi shida, watau 2019 da 2023, Katsina United ba ta cikin shidan. A ta biyun ma tana rukuni na ƙasa. A cikakkiyar gasa kuwa ta ƙungiyoyi 20 da wasanni 38, na ɗaya da na biyu ne ke zuwa gasar zakarun Afirka, na uku da mai Kofin Ƙalubale su tafi ƙaramar gasar. Lissafin mai sauƙi ne. Ko da kulob ya cinye dukan wasanninsa 19 na gida, maki 57 ke nan, alhali Rangers a 2024 da Remo Stars a 2025 da kimanin maki 70 suka ɗauki kofi. Ragowar sai an je gidan wani an ƙwato. Kowa kuwa ya san yadda cin wasa a waje yake da wuya a ƙasar nan: doguwar tafiya a mota, gajiya, 'yan kallo masu zafin kai, da alƙalan wasa da tsoro kan kama. Ba mu manta da abin da ya faru a Kano a watan Afrilu na 2022 ba, sa'ad da aka farfasa motar 'yan wasanmu bayan karawa da Pillars. Ƙungiyar da za ta iya tsayawa cikin irin wannan ta ɗebo maki ita ce wadda 'yan wasanta suka daɗe tare, suka san juna, aka kuma biya su haƙƙinsu a kan kari. Taron baƙin da aka haɗa wata biyu kafin a soma gasa ba zai iya ba. Don haka mu dai ba mu ɗora rai a kan zuwa Afirka nan kusa ba, kuma muna ganin duk shugaban da ya yi mana alkawarin haka a kakarsa ta fari, ko dai bai yi lissafi ba, ko kuwa yana zaton mu ne ba mu iya ba.

A nan za mu ɗan fita daga ƙwallon ƙafa mu leƙa ƙwallon gora, wadda Turawa ke kira hoki, domin a can ne muka ga misalin gyaran da gwamnatin jiha ta yi ya kama. Indiya ta ɗauki lambar zinariya har sau 8 a wannan wasa a gasar Olamfik, ta ƙarshe a Mosko a 1980. Daga nan sai ta yi ta ja da baya, musamman bayan da duniya ta koma buga wasan a kan ciyawar roba, wadda yaran ƙauyukan Indiya ba su taɓa takawa ba. Abin ya kai ga a 2008 ba ta ma sami gurbin zuwa gasar Bejin ba. A 2018 gwamnatin Jihar Odisha, a ƙarƙashin Naveen Patnaik, ta ɗauki nauyin ƙungiyoyin ƙasar na maza da na mata. Amma abin lura shi ne, kuɗin ba a kan manyan 'yan wasa kaɗai ya tsaya ba. Akwai wata gunduma a jihar mai suna Sundargarh, nesa da babban birni, ta manoma talakawa, inda yara kan sassaƙa sanda da hannunsu su buga wasan a fili. Tun shekarun 1980 akwai gidan kwanan 'yan wasa a Rourkela da ke ɗibar yaran nan yana ba su abinci da karatu da horo. Daga wannan gunduma Dilip Tirkey ya fito, wanda ya yi kyaftin ɗin Indiya, ya kuma zama shugaban hukumar wasan a 2022. Gwamnatin ta bi sassan gundumar tana shimfiɗa filayen roba, ta kuma gina babban filin wasa a Rourkela wanda aka yi gasar cin kofin duniya a cikinsa a 2023. A gasar Tokyo da aka yi a 2021 Indiya ta sami tagulla, lambarta ta farko cikin shekara 41, ta kuma maimaita a Paris a 2024.

Wannan labari ya taɓa mu ta wata fuska dabam. A makarantar sakandaren da waɗansunmu suka yi, akwai wani ɗakin ajiya da muka taɓa leƙawa muka tarar da sandunan ƙwallon gora a jibge, gara ta ci rabinsu. Tsofaffin malamai suka ce a dā ana buga wasan, har ana zuwa karawa da waɗansu makarantu. Mu ba wanda ya taɓa nuna mana yadda ake riƙe sandar. Haka wasa yake mutuwa, ba da shela ba.

Kada wani ya ce Indiya ta yi nisa. Ikenne ƙaramin gari ne a Jihar Ogun. Remo Stars da ke can ta faɗo daga rukunin ƙwararru a 2017, ta sake faɗowa a 2019, watau ta fi mu sanin ɗacin abin. Mai ita, Kunle Soname, ya gina fili da makarantar rainon yara mai suna Beyond Limits, ya kuma bar mai horarwa ɗaya, Daniel Ogunmodede, ya yi shekaru yana aikinsa. Suka zo na biyu a 2023, na biyu a 2024, suka ɗauki kofi a 2025. Gaskiya ne kulob ɗin na mutum ɗaya ne, ba mai sauke shi bayan zaɓe. Amma wannan ai shi ne darasin.

Yanzu sai mu dawo gida. Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar ce: Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa. Wanda ya bi hanyar Kwangwalam da yamma, ko ya ratsa ƙauyukan Baure bayan an kawar da amfanin gona, zai ga yara a kowane fili suna buga ƙwallo, da yawansu ba takalmi, duwatsu biyu ne ragarsu. Ƙasar da ta saba fitar da 'yan dambe da 'yan kokawa ba za a ce ta rasa ƙarfin jiki ko zuciya ba. Abin da yaron Baure ya rasa shi ne hanya. Bai san ranar da ake gwaji ba, bai san wanda zai gani ba, ba shi da kuɗin motar zuwa Katsina, balle na kwana uku a can. Idan ya kai shekara ashirin ba wanda ya gan shi, sai ya kama acaba ko ya tafi ci-rani, shi ke nan an yi asararsa, ba kuwa wanda zai san an yi.

Mun san gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa makarantar koyon ƙwallo a Katsina, kuma mun yaba. Wannan shi ne mataki mafi ma'ana da aka ɗauka a harkar cikin shekaru masu yawa. Tsoronmu biyu ne. Na farko, kada ta zama ta yaran birni da 'ya'yan waɗanda suka san wani. Na biyu, kada ta bi gwamnatin da ta kafa ta idan wa'adinta ya cika, kamar yadda abubuwa da dama suka bi nasu iyayen gidan. Maganin na biyun doka ce daga Majalisar Dokokin Jiha, wadda za ta ba kulob da makarantar hukumar gudanarwa mai wa'adi tsayayye, da kaso sananne a kasafin kuɗi, da wajabcin buga lissafin shiga da fita kowace shekara don jama'a su gani, har da kuɗin da aka samu idan an sayar da ɗan wasa. Maganin na farkon kuwa yana ƙasar Daura da sauran sassan jiha: a farfaɗo da gasar makarantun sakandare a kowace ƙaramar hukuma, a yi wasan ƙarshe na masarauta a filin wasa na Daura, masu zaɓen yara na kulob su zo da ƙafarsu su zauna su kalla. A ajiye reshen makarantar a Daura mai ɗaukar ko da yara talatin ne, suna karatu da safe suna horo da yamma. Garin da yake da Kwalejin Yusufu Bala Usman da kwalejin fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri ba zai rasa ɗakin kwana da malaman da za su kula da yara talatin ba.

Za a ce mana jihar da ke fama da 'yan bindiga a yammacinta da kudancinta, ga azuzuwa ba rufi, ga asibitoci ba magani, ina ta ga kuɗin ƙwallo? Wannan magana tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Da a ce shawarar ita ce a rufe kulob a mayar da kuɗin ga makarantu, da mun zauna mun saurara. Amma ba wanda ke shirin rufe shi. Ana kashe kuɗin kowace shekara, ko mun so ko mun ƙi. Abin da muke nema shi ne a karkatar da wani yanki na abin da ake zubawa wajen sayen 'yan wasan kaka ɗaya zuwa ga abin da zai zauna a ƙasa. A ganinmu abin da ake kashewa a kan baƙi biyu ko uku waɗanda za su tafi a ƙarshen kaka zai yi nisa ƙwarai wajen ɗaukar nauyin gasar makarantun masarauta guda.

Ku kuma yayyenmu da kuka riga mu kama aiki a ma'aikatar wasanni da ta ilmi da sakatariyoyin ƙananan hukumomi, ta hannunku takardun nan suke bi. Ku ne kuke rubuta daftarin kasafi, ku ne kuka san inda kuɗin wasannin makarantu yake maƙalewa. Ƙungiyar ɗaliban ƙasar Daura tana iya shirya gasar hutun ƙarshen shekara tsakanin ƙananan hukumomin nan biyar, mu ne alƙalai, mu ne masu rubuta sunaye da shekarun yara. Abin da muke roƙo a wurinku shi ne fili, da ƙwallaye, da takardar gayyata zuwa ga hukumar Katsina United ta aiko da mutum biyu su zo su kalla.