Sharhi: Abincin Mutanen Nesa da Addu'ar Yara

Jama'a masu sauraro, na cikin Dogon Dutsi da na Matankari, na Tibiri da Kore Mairuwa, har zuwa ƙauyukan da ke bin gefen Dallol Mauri:

Sharhinmu na yau a kan wata al'ada ce ta Kiristoci, wadda ko da yake mafi yawan masu jin muryata Musulmi ne, ina ganin akwai abin lura a cikinta ga duk wanda Allah ya ɗora wa amanar tarbiyyar yaro. Al'adar kuwa ita ce, uwa ko malamar makarantar Lahadi ta tara yara a bakin murhu, su dafa abincin wata al'umma ta nesa da hannunsu, a ba su labarin mutanen da ke cin wannan abinci dare da rana, sa'an nan kafin kowa ya sa hannu a akushi a roƙa wa waɗannan mutane rahamar Ubangiji.

Inda abin ya fi shahara shi ne a Ranar Addu'a ta Duniya, wadda matan Kirista suka tsayar tun 1927, ake kuma yinta ranar Juma'ar farko ta watan Maris a ƙasashe fiye da 100. Ƙa'idarta ita ce, kowace shekara matan ƙasa ɗaya ke tsara addu'ar, su bayyana halin da ƙasarsu take ciki, da abin da ke faranta musu rai da abin da ke hana su barci, sauran duniya kuwa ta bi bayansu. Kuma a wurare da yawa akan haɗa da darasin yara da bayanin yadda ake girka abincin ƙasar. Matan Zimbabuwe ne suka tsara ta 2020, na Taiwan suka yi ta 2023, na Falasɗinu ta 2024, ta 2026 kuwa aka danƙa ta ga matan Nijeriya, waɗanda tsakaninmu da su tafiyar hantsi ce kawai.

Kiristoci a ƙasar Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba bisa ƙidayar 2012, amma a nan Arewa, yankin Dogon Dutsi, ba baƙi ba ne. Mishan Katolika tana Dogon Dutsi tun shekarun 1940, makarantarta kuma ta yaye ƴaƴan Musulmi masu yawa waɗanda suka zama ma'aikata ba tare da sun bar addinin iyayensu ba. Akwai kuma majami'un bishara da suka samo asali daga aikin mishan ɗin SIM, wanda ya buɗe asibitin Galmi a 1950. Saboda haka in na yi maganar gidan Kirista, maganar gidan da ke bayan danga nake yi, wanda muke aika wa naman layya, shi kuma ya aiko mana da shinkafar Kirsimeti.

To, mene ne hikimar shigo da tukunya cikin sha'anin ibada? Littafin Kiristoci, a cikin wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, ya umarce su da yi wa dukan mutane addu'a, kamar yadda mu ma muka sani daga Suratul Hujurati cewa rarrabuwar mutane ƙabila-ƙabila an yi ta ne domin sanin juna. Amma umarni daban, zuciyar yaro daban. Idan aka ce wa ɗan shekara bakwai ya roƙa wa mutanen Indiya alheri, zai ɗaga hannu ya faɗi abin da aka faɗa masa, ya shafa, ya ruga wasa, alhali kuwa babu kowa a cikin zuciyarsa, domin Indiya a wurinsa suna ne kurum, ko kuwa masu rawa da waƙa a talabijin. In ko ya kwaɓa gari da hannunsa, hayaƙi ya shiga idonsa, ya ɗanɗana abin da yaro kamarsa yake karya kumallo da shi a can, to, sunan nan ya sami ciki da yunwa da uwa, kuma sai a sa'an nan ne addu'a take samun wanda za ta sauka a kansa.

Na san abin da uwargida za ta ce, kuma tana da hujja: wanda yake lissafin tiyar gero kafin damina ta faɗi, musamman tun da rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya tsananta tsadar kaya, ina shi ina abincin ƙasashen waje? Jawabina shi ne, wanda ya zaci abincin duniya sai na gwangwani da na manyan otal-otal na Yamai, bai san duniya ba, domin talakawanta, waɗanda su ne suka fi yawa kuma suka fi bukatar addu'a, abin da ke cikin rumbunmu shi ne ke cikin nasu.

Ɗauki gero. A nan yankin Sahel aka fara nomansa, daga nan ya ƙetare teku tun zamanin da, har Indiya ta zama ƙasar da ta fi kowace noma shi, jihar Rajastan kuwa, mai rairayi da ƙarancin ruwa irin namu, ita ce kan gaba. Ba banza ba cibiyar binciken noma ta ICRISAT, wadda hedkwatarta ke Indiya, ta kafa reshe a Sadore kudu da Yamai.  Mutanen Rajastan gurasa suke yi da shi. A niƙa garin ya yi laushi, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a cura, a riƙa marinsa tsakanin tafi da tafi har ya yi faɗi, a ɗora a kaskon ƙasa mai zafi, in ya yi a juya shi bisa garwashi, a shafe shi da man shanu a ci da mazarƙwaila ko da dakakken barkono da tafarnuwa. Na yara zai tsage, wani ya fito kamar taswirar ƙasa, domin garin gero ba shi da danƙon alkama, kuma a bar su su yi dariyarsu. Amma yayin da ake jiran na kasko, uwa ta gaya musu cewa manomin can ma yakan fito da asuba ya dubi sama, cewa daminarsa ƴan watanni ce kamar tamu, in ta yanke shi ma sai ya sayar da akuya. Yaron Arewa ba ya bukatar a koya masa yadda ake roƙon ruwa. Abin da zai koya shi ne ya roƙa wa gonar da ba ta ubansa ba.

Wake kuwa, wanda ƙasarmu ta yi suna da shi, labarinsa ya fi nisa, ya kuma fi ɗaci. A birnin Salbado na jihar Bahiya, a ƙasar Barazil, mata sanye da fararen tufafi suna zaune a bakin hanya suna suyar wani abu wanda duk ɗan Arewan da ya gani zai rantse ƙosai ne, kuma ba zai yi kaffara ba. Sukan jiƙa wake su cire masa dusa, su niƙa da albasa da gishiri, su buga ƙullun har ya tashi, su soya cikin manja, sa'an nan su tsaga shi biyu su cusa yaji da busasshen jatan lande. Bayin da aka kwasa daga gaɓar tekun Afirka ta Yamma, musamman Yarbawa, su ne suka tafi da shi cikin kawunansu, da yake ba a bar su sun ɗauki ko tsinke ba. Akwai Hausawa da yawa a cikin waɗanda aka kai Bahiya a farkon ƙarni na 19, galibinsu kamammun yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804, har tarihi ya rubuta yunƙurin tawayensu a 1807 da 1814. A watan Janairun 1835 kuma, cikin azumin Ramadan, bayi Musulmi suka yi babban bore a birnin, aka sami takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Barazil ba ta haramta bauta ba sai 1888. Wannan duka ana iya faɗa wa yaro, gwargwadon hankalinsa, tun ƙosan farko bai soyu ba, kuma ban ga yadda zai ci shi bayan haka ba tare da ya ji cewa yana da dangi a bayan teku ba. Sai dai a kula, ya ku iyaye, bugun ƙullu na yara ne, kaskon mai kuwa na manya.

Abincin Falasɗinu kuwa ba ya son dogon bayani: shinkafa ce da adas, wanda ƙananan wake kan tsaya a madadinsa, sai albasa mai yawa da aka soya har ta yi duhu, ga kuwa albasar Galmi a kasuwa. Musulmi da Kirista na can duk suna cinsa, kuma duk suna cikin wahala ɗaya.

Akwai ma hanyar da ta fi wannan sauƙi, wadda nake mamakin yadda ake tsallake ta. A cikin majami'un garuruwanmu akwai mutanen Benin da Togo da Burkina Faso, malaman makaranta da kafintoci da masu ɗinki, waɗanda suka shekara da shekaru a tsakaninmu, amma ba a cika tambayarsu abin da ake ci a garinsu ba. A kira matar nan ta zo da garin masararta da miyarta ta koya wa yara, ta faɗi da bakinta abin da take so a roƙa wa danginta. Zumunta a ƙafa take, kuma bai kamata a zarce maƙwabci baƙo a tafi neman baƙon taswira ba. Kada kuma a kori ƴaƴa maza da sunan cewa murhu na mata ne, tun da maza ne ke gasa mana tsire suna dafa mana shayi a tasha, ba wanda ya ce mutuncinsu ya zube.

Sai dai al'adar tana da ramuka biyu, kuma wajibi ne in ambace su. Na farko shi ne girman kai mai shigowa cikin rigar tausayi, watau a nuna wa yaro cewa mutanen nan ɓatattu ne ko matalauta, mu ne masu ceton su. Mu da aka sha nuna hotunan ƴaƴanmu a duniya lokacin yunwar 2005, mun san ɗanɗanon irin wannan tausayi. Hikimar matan da suka tsara ranar nan ita ce sun bar masu ƙasa su faɗi bukatarsu da kansu, kuma duk uwar da za ta kwaikwayi abin, ya kamata ta haɗa da godiya ga Allah saboda fasahar mutanen da ake cin abincinsu, domin yaro ya tashi da sanin cewa shi ma an ba shi.

Rami na biyu ya shafi maƙwabtaka, kuma a nan nake roƙon ƴan'uwanmu Kiristoci su saurara da kyau. Ƙamshin suya ba ya tsayawa a bakin ƙofa, yaran unguwa za su taru, kuma galibinsu ƴaƴan Musulmi ne. Ciyar da su alheri ne. Amma zaunar da su a darasin addini ba da sanin iyayensu ba cin amana ne, ko da niyya ta yi kyau. A sallami yaron da rabonsa, ko a nemi izinin uwarsa a fili, a kuma nisanci naman alade da duk abin da aka haɗa da giya, domin kwanon ya iya ƙetare danga ba tare da shubuha ba. Ba mu manta da ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 ba, sa'ad da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai aka rasa rayuka, kuma zato ne kan share wa irin wannan fitina hanya. Mu Musulmi ma muna da namu nauyin, gama an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hori Abu Zarri da ya ƙara wa miyarsa ruwa domin maƙwabta su samu, kuma malamai sun tabbatar cewa maƙwabci yana da haƙƙi ko da addini bai haɗa mu ba.

Game da lokaci kuwa, Juma'ar farko ta Maris sau da yawa takan faɗo cikin azumin Kiristoci na kwana 40, lokacin da Katolika ke ƙaurace wa nama ranar Juma'a, saboda haka gero da wake da albasa sun wadatar, ba sai an je wurin mahauci ba. A 2025 da 2026 ma ranar ta faɗo cikin watan Ramadan. A irin wannan shekara, a jinkirta suyar zuwa bayan la'asar, domin yaron da za a aika gidan maƙwabta ya isa da ƙosan da zafinsa kafin a kira magariba.