Injin da Makullinsa Ke Hannun Wani, Naka Ne?

Wannan makon da masu masana'antun Sharada, Challawa da Bompai muke.

Alhaji, kuna zuba miliyoyi ku sayo injin roba ko na jima daga Sin ko Turai, ku duba ƙarfe, ku duba farashi, amma ba kwa tambayar wa ke riƙe da makullin butloda.

Butloda ita ce 'yar manhajar da ke fara tashi idan an kunna allon sarrafa inji. Ita ke shirya RAM, ta ɗauko babbar manhaja, kamar Linux, ta miƙa mata ragama. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, ana cikin sabunta manhaja sai ta lalace. In butloda a buɗe take, makaniki zai jona waya, ya sake loda manhajar, aiki ya ci gaba. In a kulle take, ba ta karɓar komai sai mai sa hannun kamfanin. Sai a tura allo waje, a biya da dala, leburori su zauna gida ba albashi.

Za a ce mana tsaro ne. Mun yarda, ba mu manta yadda Stuxnet ta lalata injinan Natanz na Iran ba, wadda aka bankaɗo a 2010. To amma kulle gida daban, ba maƙwabci makullin daban. Manoman Amurka sun matsa wa John Deere har ya sa hannu kan yarjejeniyar gyara a Janairun 2023. Mu me ya hana mu?

Ku rubuta a takardar ciniki: kwafin manhaja, hanyar farfaɗo da allo, da rumbu biyu na manhaja, in ɗaya ya lalace ɗaya ya tashi. Wanda ya ƙi, a bar masa kayansa.

Mu ma da laifinmu. U-Boot, wadda Wolfgang Denk na Jamus ya jagoranta, ta ɗauki wannan suna tun 2002, kuma kyauta ce ga mai son karantawa. Matasan Farm Centre kullum suna filashin wayoyi, ɗaliban injiniya na Bayero da Kano Poly kuma suna neman aikin kammala karatu. Ga shi nan a Sharada yana jiransu.

Allah Ya sa mu gyara.