Salular Ɗan Ci-rani da Dokar Yamai

Duk wanda ya san Adar ya san cewa da an ɗaure damman hatsi, garuruwa irin su Affala sai su koma na mata da tsofaffi da yara. Majiya ƙarfi sun tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Legas da Kano, wasu Libiya da Aljeriya. A da, idan ɗan ci-rani zai gaida gida sai ya nemi wanda ya yi lakkwal ya rubuta masa wasiƙa, a damƙa wa direba, a ƙauye kuma a jira malamin makaranta ya karanta. Kafin saƙo ya kai ga uwargida, mutum uku sun riga ta jin sirrinta. Daga baya aka koma aiko kaset.

Yau saƙon murya na WhatsApp ya sallami marubuci da direba gaba ɗaya. Matar da ba ta taɓa riƙe alli ba tana faɗa wa mijinta cewa rumbu ya yi ƙasa, kafin la'asar kuɗi sun iso ta Nita ko Al Izza. Mai sayen raguna yana ganin hoton dabba kafin ya bar Tawa, mai albasar Galmi yana jin farashin Abijan kafin ya yi lodi. Ma'aikata kuwa sun fi mu sani: takardar canjin wurin aiki takan iso cikin salula tun ba ta iso ofis ba.

Ba mu ce abin ba shi da illa ba. Murya marar fuska tana iya cewa an ga ƴan bindiga a kan hanya, kasuwa ta watse a banza. Ana ɗauko tsohon hoto na wata ƙasa a ce jiya ne a nan. An kashe aure da wannan na'ura, an zubar da mutuncin bayin Allah. Kuma yankin da ya ga kisan mutum 137 a ƙauyukan Tiliya a watan Maris na 2021 ba wurin wasa da jita-jita ba ne.

Sai dai mu duba maganin da mahukunta suka riƙa kawowa. A 2019 aka kafa dokar laifukan intanet. A watan Yuni na 2020 aka tsare ƴar jarida Samira Sabu da ita saboda rubutu a Facebook, ta yi makonni a gidan kaso kafin kotu ta sallame ta. A watan Fabrairu na 2021, bayan sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, aka katse intanet na salula kimanin kwana 10. Rikicin a titunan Yamai aka yi shi, amma har mutumin Affala da bai jefi kowa ba sai da ya rasa jin ɗansa. A 2022, zamanin Mohamed Bazum, aka cire ɗauri daga laifin ɓata suna da zagi. A watan Yuni na 2024 gwamnatin Janar Abdurahaman Tiani ta maido da shi: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna, 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da ka iya ta da zaune tsaye. Farar hula da soja, kowa ya hau sai ya ga sandar ta yi masa daidai hannu.

Abin da ya dame mu shi ne faɗin wannan kalma. Wa zai auna abin da ka iya ta da zaune tsaye? Manomin da ya ce taimakon abinci bai iso garinsu ba, ko malamin da ya ce albashi ya makara, suna ciki ko suna waje? An rubuta dokar da Faransanci, alhali galibin waɗanda za ta hau kansu da Hausa da Tamashek da Fulatanci suke aika saƙo, kuma da yawansu ba su san cewa tura muryar wani ga jama'a yana iya kai su gaban alƙali ba.

Jita-jita a inda hukuma ta yi shiru take yin ƙiba. Taron ƙasa na 1991 ya buɗe bakin jama'a, jaridu da gidajen rediyo masu zaman kansu suka biyo baya, ƙasa ba ta rushe don haka ba. Saboda haka muna kira ga gwamnan Tawa da hukumomin gundumomi da su riƙa fitar da sahihin labari da wuri, da murya, cikin harsunan jama'a, ta wannan hanya da maƙaryata ke bi. A fassara dokar, a karanta ta a rediyon karkara da bakin kasuwa. Ɓata suna a mayar da shi ga tara da biyan diyya kamar yadda aka yi a 2022. Katse intanet kuwa, in har wata gwamnati ta sake tunaninsa, to a wajabta mata neman izinin alƙali tukuna, ta kuma faɗi ranar da za ta maido da shi.